Mun Je Ganin Bashir

Tun da na dawo ba ni da sakat. In na zauna a majalisarmu ta bakin tasha nan Dutsin-Ma, kafin a zubo mini shayi wani ya fara tambaya ko da gaske ne can rana ba ta da zafi. Wani ya ce na yi ƙiba, alhali sai da na ƙara wa bel ɗina huda biyu. Sun ma laƙaba mini Bature. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma duk sanda na ɗauko shi sai raina ya ɓaci in kasa cin tuwo. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa. Sunan ƙasar kam ba zan faɗa ba, domin akwai wata tsohuwa da na baro can, ba na so in ja mata.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Alhaji Mamman na raka, ɗan wan mahaifina, mai sayar da hatsi a Tamawa ta ƙasar Kurfi. Ɗansa na fari, Bashir, ya samu gurbin karatun likita a wata ƙasa mai nisa, yana shekararsa ta huɗu. Wata Juma'a 'yan sanda suka faɗa ɗakin da shi da wasu 'yan ƙasar suke sallah, suka kwashe su gaba ɗaya. A dokarsu ba a ibada sai a ginin da gwamnati ta yi wa rajista. Masallaci ɗaya tak ne mai rajista a birnin, shi kuma an rufe shi wai ana gyara, gyaran da ba a taɓa ganin ko birkila ɗaya a wurin ba. Abokin karatunsa ne ya bugo mana waya. Ya ce hanya ɗaya ce: tunda Bashir baƙo ne, in mahaifinsa ya zo da ƙafarsa ya tsaya masa kafin a shiga kotu, ana iya koro shi gida maimakon a ɗaure shi. In an riga an shiga kotu, sai dai addu'a.

Ni na yi shekara talatin ina koyar da Turanci, don haka dangi suka ce ni ne bakin Alhaji. Wahalar da muka sha kafin a buga mana biza labari ne daban. Ta mako biyu aka ba mu, ba ƙari.

Da hantsi muka taso daga Tamawa a kan babura biyu. Hajiya Rabi, uwar yaron, ba ta fito rakiya ba. Ta dai aiko da ƙullin dambun nama da garin kunu, ta ce a kai wa mutanen can. Kowa ya san ɗanta take nufi da mutanen can. A Kurfi muka shiga mota, direban ya yi ta tsayawa yana ɗaukar buhunan wake har muka zauna gwiwa a haɓa. Daga Dutsin-Ma muka wuce Kano, washegari muka hau jirgi.

A inda muka sauka don canza jirgi ne Alhaji ya fara ba ni aiki. Bai yarda ya bar butarsa a gida ba. Ya cika ta a banɗakin filin jirgin, ya tsuguna ya yi alwala cikakkiya har ruwa ya malale tayil, wata mai shara ta zo ta yi ta masifa da wani yare, shi kuwa yana ta ce mata sannu da aiki. Da muka zo matakalar nan mai tafiya da kanta, ta cafke bakin babbar rigarsa, da kyar na fizge. Tun daga nan ya naɗe rigar a kafaɗa kamar mai shirin shiga rafi.

Dariyata ta ƙare a bakin shiga ƙasar. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta ɗaga ƙullin dambun Hajiya da yatsa biyu ta jefa a kwandon shara. Garin kunun kuwa sai da aka kawo kare ya shinshina, ya bi jakar Alhaji yana sa hanci a kan tufafin da yake sallah da su. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na riƙe masa hannu. Sannan suka zaro ƙaramin Alƙur'aninsa, suka juya shi gaba da baya, suka ce littafin addini ba ya shiga sai da izini. Suka ba mu wata 'yar takarda wai in za mu fita mu karɓa. Carbinsa ne kawai ya tsira, don sun zaci abin wuya ne, ni kuma ban gyara musu ba.

Abokin Bashir ya nema mana ɗaki a gidan wata tsohuwa, amma shi kansa bai yarda ya zo inda muke ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tsohuwar gajeriya ce mai furfura, ita ma tsohuwar malamar Turanci, don haka nan da nan muka saba. Alhaji ya kasa faɗin sunanta, ya ce Inna, ta amsa, shi ke nan ya bi ta. Abu ɗaya da suka yi kama da mu shi ne cire takalmi a bakin ƙofa. Ban da shi komai a juye yake. Mutum zai zauna kusa da kai a jirgin ƙasa tun daga farko har ƙarshe bai ce maka kanzil ba. Alhaji kuwa duk wanda suka haɗa ido sai ya gaishe shi ya tambayi iyali, su kuma su matsa gefe su rungume jakunkunansu. Abincinsu baƙin burodi ne mai tsami da miyar kabeji, shayi ba madara. Nama Alhaji ya ce bai san wa ya yanka ba, don haka mako biyu ƙwai da dankali muka ci, har na fara jin kunyar kaji.

Ranar farko da muka shimfiɗa bargo za mu yi la'asar, sai Inna ta shigo da sauri ta ja labulayen tagogi duka, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Na zaci korar mu za ta yi. Bayan mun sallame ta zaunar da ni ta ce maƙwabcin da ke fuskantarmu yana kai rahoto. Ita Kirista ce. Ɗanta ɗaya tilo yana gidan yarin da Bashir yake, wata takwas ke nan, laifinsa ya tara mutane a ɗakin girkin nan da muke zaune suna karanta littafinsu. Da na fassara wa Alhaji, ya dube ta ya ce ashe su ba su bar kowa ba. Tun daga ranar, in lokacin sallah ya yi, ita ke fara tashi ta ja labule.

Kwana na biyu muka tafi ofishin jakadancinmu. Wallahi da na hango tutarmu sai da na ji hawaye. Na ce mun zo gida. Aka haɗa mu da jami'in da ke kula da 'yan ƙasa, wani matashi ɗan arewa, Hausarsa tas, ga ladabi, ga ƙamshi. Ba zan faɗi sunansa ba, Mai Turare nake ce masa. Ya rusuna ya gaida Alhaji, ya kira shi Baba, ya sa aka kawo mana shayi mai madara. Ya ce suna sane da maganar, suna bibiyar ta sau da ƙafa, har sun rubuta takarda ta nuna damuwa. Na tambaye shi ko wani daga ofishin ya je ya ga yaron. Ya gyara zama ya ce abin sai a hankali, domin akwai yarjejeniyar takin zamani da taraktoci da ake gab da sa wa hannu, kuma mutanen nan ba sa son a taɓo maganar addini.

Na ce masa ai su suka taɓo ta, mu sallah kawai yaronmu ya yi. Ya yi murmushi ya ce in ƙara shayi.

Haka muka yi ta zarya. Yau jakada yana taro, gobe ana hutun ƙasa, jibi takardar ba ta dawo ba. Kwana shida muka ƙona a kan kujerun nan masu laushi. Ni mutum ne mai saurin fushi, ɗalibaina shaida ne, amma na danne, don na san in na yi magana yaron zan ja wa. A rana ta takwas Mai Turare ya ce ya samo mana ganawa da jami'in da ke karɓar masu tsaya wa fursunoni, kuma da kansa zai raka mu, tunda yana jin yarensu.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, jami'i mai tabarau, da wata na'ura da ke ɗaukar magana. Ya karɓi fasfo ɗin Alhaji ya ɗora kusa da na Bashir, ya girgiza kai. Kun san halinmu da suna. Bashir sunan garin da ya yi makaranta aka liƙa masa a ƙarshe, Alhaji kuma nasa ƙauyen. Mahaifin da aka rubuta a na yaron Muhammadu ne, na hannun Alhaji kuma Mamman. A wurinmu duk abu ɗaya ne, a wurinsu mutum biyu ne da ba su haɗa komai ba. Jami'in ya ce ba matsala, doka ta ba da mafita. Abin da ake so kawai, Alhaji ya faɗa da bakinsa a cikin na'ura: sunan fursunan, da abin da yake a gare shi. Shi ke nan.

Mai Turare ya fassara. Ni kuwa sai a lokacin na tuna da wa na zo.

Alhaji mutumin da ne. Shekara ashirin da shida bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, bai taɓa ce masa ɗana a gaban mutane ba. In zai aike shi sai ya ce kai, in zai yi maganarsa sai ya ce wancan. Ranar sunansa ma barin garin ya yi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya ga ubansa ya yi masa. Duk hanyar nan da muka sha, sau ɗaya ban ji ya ambaci sunan ba, kuma ban lura ba don na saba.

Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ya ce, "Yaron wajenmu ne."

Na ce masa a hankali, "Yaya, sunan za ka faɗa, ka ce ɗanka ne."

Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Ya dubi Mai Turare, sa'an 'ya'yansa, ya dubi baƙon jami'in da ke zaune, ya sake sunkuyawa. "Lawal, kai hwaɗa masu mana. Ai sun san ko wane ne."

Na juya na faɗa da Turanci cewa ɗansa ne na cikinsa, sunansa Bashir, al'adarmu ce ta hana shi faɗa, a ba shi minti biyu. Jami'in ba ya jin Turanci, ko ya yi kamar ba ya ji. Ya sake tambaya, ya sake, sau uku. Na dubi Mai Turare na ce ya yi masa bayani. Mutumin nan ya san kunyar ɗan fari kamar yadda ya san sunansa, wataƙila ma shi kansa ɗan fari ne. Jimla biyu da yarensu sun isa. Sai ya tsaya yana duban agogonsa. Jami'in ya kashe na'ura, ya buga hatimi, ya ce ba a tabbatar da dangantaka ba, ana iya sake nema bayan kwana talatin. Kotu kuwa saura kwana biyar.

A waje na tare shi. Ya ce aikinsa fassara ne, ba jayayya da dokar ƙasar mutane ba, kuma in ya sa baki za a ce ofishinmu ya ɗauki ɓangare. Na ce to ɓangaren wa aka turo ka ka ɗauka? Ban ce ya shirya abin ba, Allah ne masanin zuciya. Amma na ga fuskarsa da aka buga hatimin nan, fuskar wanda aka sauke wa kaya ce. In babu uba a takarda, babu wanda zai matsa wa ofishinsu.

Alhaji bai ci komai ba ranar. Bai zargi kowa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Cewa kawai yake harshensa ne ya yi nauyi.

Bayan kwana biyu sai ga kati daga ofishin, wai ana gayyatarmu walimar rana ta zumuncin addinai tsakanin ƙasashen biyu. Na so in yayyaga shi, Alhaji ya ce mu je, ko Allah zai sa a ga wani babba. Muka je. Ga tebura, ga furanni, ga masu ɗaukar hoto. An kawo wani mai rawani da wani mai kuros a wuya an zaunar da su gefe da gefe, dukansu na gwamnati, ba wanda ya ɗaga kai daga farantinsa. Wani babban jami'insu ya yi jawabi cewa a ƙasarsu kowa yana bautar abin da ya ga dama. Jakadanmu ya tashi ya yaba, ya ce muna da abin koyi. Aka tafa. Ni kuwa na ajiye cokali, don daga tagar zauren ana hango unguwar da gidan yarin yake.

Ashe babbar riga da farin gemun Alhaji ake so a hoto. Mai Turare ya kamo hannunsa ya kai shi gaban babban jami'in, ya ce dattijo daga gida zai sa albarka. Alhaji ya tsaya, ya riƙe hannun mutumin da hannu biyu, ya yi magana a fili yadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Ɗana shina hannunku. Bai yi sata ba, bai kashe kowa ba, sallah ya yi. Ni na haihe shi. Ku ba ni shi in tahi da shi gida."

Mai Turare ya juya ya yi magana da yarensu, gajeriya. Babban jami'in ya washe baki, ya dafa ƙirji, ya rungume Alhaji, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka ba shi kyautar faranti mai zanen birnin. Alhaji ya dawo yana tambayata ko sun yarda. Na ja Mai Turare gefe na ce me ka faɗa masa. Ko kunya babu, ya ce, "Na ce Baba yana godiya da karamcin da aka yi masa. Malam, nan ba wurin wannan maganar ba ne."

Abin da na faɗa masa ba zan rubuta ba, saboda ɗalibaina za su karanta. Na juya in faɗa wa babban da Turanci, amma masu gadi biyu sun riga sun raka shi ƙofa. Wai ni ne ma aka ce na zubar da mutuncin ƙasa.

Aka shiga kotu a ranar da aka sa, ba a bar mu mun shiga ba. Shekara uku aka ba su, shi da sauran.

Ranar da za mu taso, jirginmu na yamma ne. Da safe Inna ta sa mayafinta ta ce mu biyo ta. Muka hau bas har ƙarshen layi, muka taka wani tudu da ke bayan gidan yarin. Na tarar da mutane sun fi talatin, yawanci mata tsofaffi, wasu da ɗankwali irin na musulmi, wasu ba su da shi. Ta ce da ƙarfe goma ake buɗe tagogin sama a sha iska, na minti kaɗan. Waɗanda aka hana ziyara nan suke zuwa su kira sunan nasu, in an yi sa'a ya ji ya amsa. 'Yan sanda suna kora, amma sai sun gama hawo tudun.

Aka buɗe tagogin. Nan take wurin ya kaure da sunaye. Inna ta kira nata, wani hannu ya fito ta tsakanin ƙarafa, ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya. Ni na haɗa hannu a baki na kira Bashir sau biyu, amma muryata ta malamin aji ce, alli ya cinye ta, ba ta kai ko katanga ba. Can ƙasa na hango motar 'yan sanda ta tsaya.

Sai Alhaji ya miƙa mini carbinsa. Ya matsa bakin tudun. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana ciniki a tsakiyar kasuwar hatsi, in ya yi kira daga wannan rumfa ana ji a waccan. Ya ja numfashi.

"Bashir!"

Matan da ke kusa suka waiwayo. Ya sake kira, ya ƙara da na uku. Sai daga wata taga ta can ƙarshe, siririyar murya, da Hausa:

"Na'am, Baba."

Alhaji ya tsaya baki buɗe. Ya zo tun daga Tamawa, ga 'yan sanda sun fara hawowa suna busa usur, kuma bai taɓa yin hira da yaron nan ba a rayuwarsa, bai san ta inda ake farawa ba. Abin da ya saba tambayarsa ta bayan ƙofa kullum da asuba, shi ne ya fito.

"Ka yi sallah?"

"Na yi, Baba."

Aka rufe tagogin. Wani ɗan sanda ya tura Alhaji har hularsa ta faɗi, Inna ta ɗauka ta kaɗe ta miƙa masa, muka gangaro.

Ga amsarku, 'yan majalisa. Sanyi akwai shi, titunansu kuma sun fi namu kyau. Makon jiya ofishin ya aiko mini da saƙo cewa suna ci gaba da bibiyar lamarin sau da ƙafa, tare da hoton Alhaji a rungume da mutumin nan, an rubuta a ƙasa wai dukansu suna murnar zumunci. Ban nuna masa ba. Takin kuwa na ji an ce ya iso, za a fara rabawa kafin damina. Alhaji ya ce ko kyauta aka kawo masa ba zai zuba shi a gonarsa ba.